Turanci da tufka da warwara: kuskure ne ko adon harshe?

Uwar_Ɗalibai:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Maganata da malaman Turanci ce, kuma don Allah kada a kare harshen don kawai da shi ake cin abinci. Ni a ganina Turanci cike yake da tufka da warwara, masu shi sun saba har ba sa ji. Ku duba waɗannan: "open secret", "original copy", "found missing", "only choice", "pretty ugly", "deafening silence", "old news". Sirri kuma a buɗe? Na asali kuma kwafi? An samu kuma ya ɓace? Shiru kuma mai kurmantarwa? Da yaron ƙaramar sakandare ne ya ƙirƙiro irin wannan a takardar jarrabawa, jan biro za mu sa mu zagaye. Amma da yake Bature ne ya faɗa, sai a ce sunansa "oxymoron", adon harshe ne, har a kawo shi a WAEC. To ina iyakar take? Yaushe abin yake kuskure, yaushe yake gwaninta?

Bakatsine_Mai_Shayi:
Wa alaikumus salam. Malama kin manta da babbansu: "I'm coming". Mutum ya ba ka baya yana tafiya, yana ce maka yana zuwa.

Malam_Nahawu:
Bakatsine, wannan kada ka ɗora wa Bature, kayanmu ne. "Ina zuwa" muka kwashe yadda take muka mayar Turanci. A Ingila in ka miƙe za ka fita ka ce "I'm coming", kallonka za a tsaya yi. Su "I'll be right back" suke cewa.

Malama, jerin da kika kawo ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Mafi yawansu ido ne kawai yake ganin karo, kunnen mai harshen ba ya jin komai, domin ɗaya daga cikin kalmomin tana da ma'ana ta biyu kuma ita ke aiki a wurin. "Found" a cikin "found missing" ba tsintuwa ba ce, ganowa ce: an duba, an gano abu ba ya nan. "Pretty" a cikin "pretty ugly" ba ruwanta da kyau, tana nufin da ɗan dama, kamar yadda za su ce "pretty cold" in sanyi ya ɗan taɓa. Ta yi ɗaruruwan shekaru tana wannan aikin. "Copy" kuwa, kowane ɗaya daga cikin abin da aka buga sunansa ke nan. In kika sayi jarida, "copy" ɗaya kika saya. Saboda haka "original copy" takardar ainihi ce mai hatimi da hukuma ta ba ki, ba wadda kika kai shago aka ɗauki hotonta ba.

Na gaskiyar a jerinki su ne "open secret" da "deafening silence". Waɗannan da gangan aka ƙera su, kowace kalma tana riƙe da ma'anarta, kuma karon da suke yi shi ne saƙon. An yi ɓarna a unguwa, kowa ya zuba ido mai unguwa ya yi magana, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi ihu ƙara. Ba wata kalma ɗaya da za ta faɗi haka.

Gwanin_Lissafi:
Allah gafarta Malam, ka tsallake "only choice". Wannan kam ba ta da mafita. Zaɓi ba ya tabbata sai da abu biyu aƙalla. In abu ɗaya ne a gabanka, ba zaɓi aka ba ka ba, dole aka yi maka.

Malam_Nahawu:
A lissafi haka ne. A magana, wanda ya ce "my only choice" yana nufin hanyar da ta rage masa bayan sauran sun toshe. Kuma ko abu ɗaya ne, ai akwai ɗauka akwai bari. Turawa har suna suka yi wa irin wannan: "Hobson's choice". Thomas Hobson mai ba da hayar dawakai ne a garin Kambirij, ya mutu a 1631. Kowa ya zo dokin da ya fi gudu yake so, har na kirkin suka fara jigata. Sai ya kafa doka: ka ɗauki wanda ke bakin ƙofa, ko ka tafi a ƙasa.

Gwanin_Lissafi:
To ai hujja ka ƙara min. Da zaɓi ne na gaske, da ba a yi masa sunan zolaya ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni dariya kuke ba ni wallahi. Ana ta zargin Bature kamar mu bakinmu a wanke yake. A shago kullum sai na ji: "Hajiya lesin nan ya yi mugun kyau." Wata ta ce masifar kyau. 'Yan matan yanzu kuma komai bala'i ne, miya ta yi bala'in daɗi, ango ya yi bala'in haɗuwa. Mugunta da kyau me ya haɗa su? Masifa da bala'i da muke neman tsari da su safe da yamma, su ne kuma muke yabo da su. Sannan ga kukan daɗi. Ga babban yaro. Ga gawa ta ƙi rami, mutum da ransa ana kiransa gawa. Malama, in ɗalibinki ya rubuta "mugun kyau" a insha'in Hausa za ki zagaye?

Uwar_Ɗalibai:
Hajiya, a insha'i zan ja masa layi in ce ya nemi kalmar da ta fi dacewa da rubutu. A hira ba ruwana.

Malam_Nahawu:
Hajiya ta kawo abu mai muhimmanci. "Mugun kyau" ita ce "awfully good" sak, kuma hanya ɗaya suka biyo. "Awful" da can abin da ke cika zuciya da tsoro da kwarjini take nufi. "Terribly" da "terrific" duk tushensu ɗaya da "terror", wato firgici. Kalmar tsoro tana da ƙarfi, sai mutane su riƙa aronta don ƙarfafa zance, yau da gobe tsoron ya zube, ƙarfin ya rage. Yanzu Bature zai ce "terribly kind" ba tare da ya tuna da firgici ba, kamar yadda mai sayen lesi ba ta tuna da mugunta.

Mai_Tonon_Asali:
Bari in sa baki da abin da na fi so. Ita kanta kalmar "oxymoron" tufka da warwara ce. Daga Girkanci aka haɗa ta: "oxys" mai kaifi, "moros" dakusasshe ko wawa. Kaifin dakushewa ke nan, ko wautar mai wayo. An same ta a rubutun wani malamin nahawun Latin mai suna Servius wajen shekara ta 400 miladiyya, ta shigo Turanci a ƙarni na 17. Akwai ma kalmomin da suka haɗiye nasu karon a ciki har ba a gani. "Preposterous", da ake cewa ga abin da hankali ba zai ɗauka ba, asalinta gaba-baya ne, an sa na ƙarshe a farko. Kayan kiɗan nan piyano cikakken sunansa "pianoforte", da Italiyanci a hankali da ƙarfi, domin da aka ƙirƙiro shi a Italiya wajen 1700 abin mamakinsa shi ne kana iya kaɗa shi ƙasa-ƙasa, kana iya kaɗa shi da amo, gwargwadon yadda ka danna.

Ɗan_Damagaram:
Gaisuwa daga wannan ɓangaren. Mu ma a lakwal an koya mana shi, da Faransanci "oxymore" ake cewa. Misalin da kowane ɗalibi ya haddace shi ne "obscure clarté" na Corneille, marubucin wasan kwaikwayo na Faransa, wato haske mai duhu, yana nufin hasken taurari da dare. Wanda ya taɓa kwana a daji ba wata ya san abin: kana gani, kuma ba ka gani. Akwai "aigre-doux", tsami da zaƙi. Kuma Bakatsine, mu ma mutum zai tashi ya ce "j'arrive" ya fice. Don haka Malama, ba cutar Turanci ba ce shi kaɗai.

Ɗalibar_SS3:
Don Allah malamai, mene ne bambancinsa da "paradox"? Kullum a tambayoyin baya sai an jera su tare a zaɓi, ni kuma rikita ni suke.

Malam_Nahawu:
'Yata, duba tsawon abin. "Oxymoron" kalmomi biyu ne manne da juna, galibi siffa da suna: "sweet sorrow" da Juliet ta faɗa wa Romeo lokacin rabuwa a wasan Shakespeare, baƙin ciki mai daɗi. "Paradox" kuwa jimla ce sukutum da za ki ji kamar ta ƙaryata kanta, sai kin yi tunani ki ga gaskiya ce, kamar "less is more". A Hausa, "sauri ya haifi nawa" irinsa ne. In kuma an jera abu biyu kishiyoyi a ɓangare biyu na jimla ba tare da an ce ɗaya shi ne ɗayan ba, wannan "antithesis" ne. Ki riƙe waɗannan ukun, tambayar ba ta wuce su.

Ɗalibar_SS3:
Na gode Baba, Allah ya saka da alheri.

Almajirin_Balaga:
Ni mamakina yadda ake maganar kamar Turawa ne suka fara lura da abin. A ilmin Badi'i na balagar Larabci akwai babin ɗibaƙi, wato haɗa kalma da kishiyarta a zance ɗaya. Misalin da ake fara ba ɗalibi shi ne ayar Suratul Kahfi kan mutanen kogo, cewa za ka zace su a farke alhali barci suke. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da wannan.

Akwai kuma wani babi daban a lugga, al-addad, kalma ɗaya mai ɗauke da ma'ana biyu kishiyoyi. An rubuta littattafai sukutum a kai, har da na Ibnul Anbari na Bagadaza a ƙarni na 4 na hijira. Kuma ba wasan kalmomi ba ne kawai, hukunci yana rataya a kai. "Ƙur'u" tana nufin haila, tana kuma nufin tsarki. Shi ya sa aka saɓa a iddar wadda aka saka: Malik da Shafi'i suka ce tsarki uku, Abu Hanifa ya ce haila uku.

Malam_Nahawu:
Malam, ɗibaƙi ya fi kusa da "antithesis" da na faɗa wa yarinyar nan. A ayar ba a ce farkawa mai barci ba, an ce zato daban, haƙiƙa daban. Amma al-addad kam Turanci yana da su jingim.

Almajirin_Balaga:
Ɗibaƙi ya fi faɗi, na yarda, amma naku a cikinsa yake. Duk inda kishiyoyi biyu suka haɗu a zance ya shiga babin, sun manne ko sun yi nisa.

Lauyan_Talakawa:
Tunda an taɓo kalma ɗaya mai fuska biyu, a aikinmu akwai wadda ke kayar da sababbin lauyoyi: "sanction". Kotu ta yi "sanction" ɗin sulhu, ta amince da shi ke nan. Kotu ta yi "sanction" ɗin lauya, ta hukunta shi ke nan. Asalinta daga Latin ne, doka da aka tabbatar tare da horon wanda ya karya ta, sai wani ya riƙe tabbatarwar, wani ya riƙe horon. Sai "oversight": aikin sa ido da majalisa ke yi wa ma'aikatu sunansa ke nan, mantuwa da rashin lura ma sunanta ke nan. In aka ce maka an samu matsala saboda "oversight", tambayi wanne.

Wadda ta fi ban dariya ita ce "table". A majalisar Ingila, da mu da muka gaji tsarinsu a wannan, in an yi "table" ɗin ƙudiri an gabatar da shi ne don a tattauna. A Amurka an jingine shi ne gefe. Churchill, Firaministan Birtaniya na lokacin, ya ba da labarin yadda hafsoshin ƙasashen biyu suka yi ta musu a lokacin yaƙin duniya na biyu, ɓangare ɗaya na cewa a yi "table", ɗayan na cewa sam abin ya fi ƙarfin a jingine, ashe duk abu ɗaya suke so.

Sannan Malam Nahawu, mu ba mu cika cewa "original copy" ba. Akwai takardar asali, akwai "certified true copy", kwafin da magatakarda ya buga wa hatimi ya shaida daidai yake da na asali.

Ɗan_Damagaram:
Lauya, mu dai da CEDEAO, wato ECOWAS, ta ƙaƙaba mana nata "sanction" ɗin bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, babu wanda ya ruɗe da ma'anar. An rufe iyaka, an yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Ba wanda ya zaci amincewa ake nufi.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a yi hattara, zauren harshe ne. Misali ya halatta, amma kada a zarce siyasa.

Ɗan_Kasuwar_Waya:
Malam Nahawu da Lauya, ku kuna maganar ofis da kotu. Ku sauko kasuwa ku ji. A wajenmu in yaro ya miƙo maka caja ya ce "original copy" ce, ka riƙe aljihunka da kyau. Nufinsa jabu ce, amma jabu mai daraja. Domin jabun ma hawa-hawa ne. Akwai wadda kwalinta ma ya tona mata asiri, rubutun ya karkace, in ka ɗaga ta ba nauyi. Akwai wadda sai ka ɗora ta a tafin hannu ka gwada da ta kamfani, ka duba bakin fulogin, kafin ka gane. Ita ce muke cewa "high copy", wasu su ce "original copy". Mai saye ya ji "original" ya saki jiki, mai sayarwa kuma in an dawo da rigima ya ce ai na faɗa maka "copy" ce. Kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa.

Haka "brand new second hand". Wayar da aka yi amfani da ita amma ba ko ƙwarzane. Wannan ba ƙarya ba ce, kowa ya san abin da ake nufi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ɗan'uwa ka tona mana asiri gaba ɗaya. A atamfa ma akwai mai kama da ta asali har sai an wanke.

Uwar_Ɗalibai:
To kun gani. Malam Nahawu ya wanke "original copy" tas ya ce ba karo a ciki, ga shi a kasuwa karon ne ma ake cin riba da shi. Ashe zargina bai faɗi ƙasa banza ba.

Malam_Nahawu:
Malama, laifin ɗan kasuwa ne, ba na nahawu ba.

Sojan_Ritaya:
Ina karantawa tun ɗazu ina jiran wani ya jefo "military intelligence", don na san tana tafe. Bari in riga ku. Wani ɗan barkwancin Amurka, George Carlin, shi ya yayata ta a shekarun 1970, wai soja da basira ba sa haɗuwa. Zolaya ce. "Intelligence" a aikin soja bayanan sirri ne da ake tattarawa kan abokan gaba. Irin wannan ba adon harshe ba ne, zagi ne a fakaice: ka ɗauki kalmomi biyu da ba su da rigima, ka ce ai kishiyoyi ne, don ka muzanta masu sana'ar. Haka ake yi wa 'yan kasuwa da "business ethics", a yi wa 'yan siyasa da "honest politician".

"Civil war" ma haka. Masu jerin nan na intanet suna cewa yaya yaƙi zai zama na ladabi. "Civil" ɗin nan daga kalmar Latin ta ɗan ƙasa take, yaƙi ne tsakanin 'yan ƙasa ɗaya. Wanda aka yi a nan daga 1967 zuwa 1970, manyanmu da suka yi shi ba su ga ladabi a ciki ba. Hausa ta huta da ta ce yaƙin basasa.

Mai_Tonon_Asali:
Ranka ya daɗe, shi Carlin ɗin ne kuma ya yayata "jumbo shrimp". Jatan lande dai sunan halitta ne, amma da yake Turawa na kiran ɗan tsurut ɗin mutum "shrimp", sai abin ya zama ƙaton ɗan tsurut. Ita kuwa "jumbo" sunan wata giwa ce ta gaske, namiji, da aka kamo daga yankin Sudan. Ya zauna gidan namun dajin Landan, aka sayar da shi ga mai wasan nishaɗi P. T. Barnum na Amurka a 1882, jirgin ƙasa ya kashe shi a Kanada a 1885. Daga sunansa duk wani abu ƙato ya zama "jumbo".

Inna_Ta_Gidan_Gona:
Baba Soja, to "friendly fire" fa? Wuta kuma ta abota? Ni wannan ce ke ƙona min rai duk lokacin da na gani.

Sojan_Ritaya:
Inna, a taswirar yaƙi kowace runduna ana sa mata alama, ko "friendly" wato tamu, ko "hostile" wato ta abokan gaba. "Friendly fire" harbi ne da ya fito daga ɓangarenmu ya sami namu. Ba a nufin harsashin yana da kirki. Wasu ma "blue on blue" suke cewa, domin da shuɗi ake zana namu.

Inna_Ta_Gidan_Gona:
Na ji bayanin, amma bai kwantar min da rai ba. Wanda ya zaɓi kalmar ya san tana sanyaya abin. Mutanen Tudun Biri da aka jefa wa bam a wurin Mauludi a Disambar 2023, da wane suna za a je a faɗa wa iyalansu?

Sojan_Ritaya:
Allah ya jiƙansu. Wannan ba ya shiga "friendly fire", tunda fararen hula ne. Irinsa ake kira "collateral damage", kuma a kan waccan kalmar ba zan yi miki musu ba.

Tafinta:
Inna ta buɗo kashi na uku da ba a ambata ba. Malam Nahawu ya ce akwai na gangan don ado, akwai wanda ido ne kawai ke ganin karo. Akwai kuma na gangan don ɓoyewa. Mu masu fassara labarai mu muka fi shan wahalarsa, domin Hausa ba ta yarda ka ɓuya a bayan kalma.

Ɗauki "negative growth". Lokacin da tattalin arzikin Najeriya ya karye a 2016, da kuma 2020, wannan kalmar ta yi ta yawo a rahotanni. Masana za su ce maka lissafi ne kawai, ma'aunin bunƙasa ne ya sauka ƙasa da sifiri, kuma gaskiyarsu. Amma ka gwada cewa "bunƙasa maras kyau" ko "ci gaba na baya" a rediyo ka ji yadda masu saurare za su yi da kai. Dole ka ce tattalin arziki ya ja baya, ko ya komaɗe. Da ka faɗa da Hausa, kalmar bunƙasa ta fita daga zancen gaba ɗaya, alhali a Turancin tana nan zaune tana kwantar da hankali.

Na adon kuwa ba a fassara su kalma da kalma, sai ka nemo abin da Bahaushe ke cewa a irin wurin. "Deafening silence" in gwamnati ce ta ƙi magana, sai ka ce ta yi gum da bakinta, ko shiru kake ji wai malam ya ci shirwa in shirin na raha ne. "Bittersweet", zuma ce ga zaƙi ga harbi. "Same difference", ba cinya ba ƙafar baya. "Open secret" ce har yau take ba ni aiki, galibi sai dai in warware ta in ce abu ne da kowa ya sani amma ba mai faɗa a fili.

Baban_Yara_Shida:
Tafinta, ƙara da "voluntary levy". Makarantar da yarana suke, takarda aka aiko da wannan kan magana, a ƙasa kuma an rubuta ranar ƙarshe ta biya da gargaɗin cewa wanda bai biya ba ba zai karɓi sakamako ba. Na je na tambayi malamin da ke karɓa, in na ganin dama ne me ya kawo wa'adi? Ya ce ganin damar a wajen taron iyaye aka yi shi, yanzu saura biya.

Bakatsine_Mai_Shayi:
Wallahi malamin nan lauya ne ya ɓata hanya.

Gwanin_Lissafi:
Wannan ita ce "only choice" ɗin da nake faɗa tun farko, ta canza riga.

Marubuciyar_Dare:
Ina so in koma kan tambayar Malama, don an yi nisa da ita. Ni a matsayin mai rubutu, ma'aunina ɗaya ne: in na cire ɗaya daga cikin kalmomin biyu, an yi asara ko ba a yi ba? "Kukan daɗi", cire daɗi ya zama kuka kawai, cire kuka ya zama daɗi kawai, abin da ake nufi ya gudu. Dole sai su biyun. Ranar da aka kai ƙanwata ɗakin miji na ga mahaifiyarmu tana dariya hawaye na zuba, ba wanda zai ce mata zaɓi ɗaya. Yaron da ya rubuta "a tall short man" don bai san ma'anar "short" ba, cire ɗaya ka gyara masa jimla. Wanda ya rubuta "a rich poor man" yana nufin attajirin da ba ya iya cin kuɗinsa, wannan maki ya kamata a ƙara masa. A ajin adabin Hausa na ji ana kiran irin wannan haɗin baubawan burmi, kuma sunan ya dace.

Uwar_Ɗalibai:
Ma'aunin ya yi min, amma a aji yana da wuya. Takarda ba ta faɗa min ko yaro da gangan ya yi. Abin da zan iya shi ne in kira shi in ce me kake nufi. In ya yi bayani in bar masa, in ya tsaya sosa ƙeya in zagaye.

Malam_Nahawu:
A ajinki za ki iya. Mai duba takardun WAEC ba zai kira kowa ba. Ni shawarar da nake ba ɗalibaina ita ce, in za ka yi irin wannan a jarrabawa, jimlar da ke biye ta nuna ka san abin da ka yi.

Marubuciyar_Dare:
Malam, in sai an bi shi da bayani ai an kashe shi. Daɗinsa mai karatu ya ɗan yi tuntuɓe ya gane da kansa.

Malam_Nahawu:
A littafinki haka ne. Yaron nan kiredit yake nema.

Direban_Tanka:
Salamu alaikum, na zo a makare. Tunda masana sun taru, a warware min wata. A jikin wasu motocinmu an rubuta "highly inflammable", a wasu "flammable". Wani yaron mota mai ɗan boko ya ce min ta farkon tana nufin ba ya kamawa da wuta, tunda "in" a gaba kore ne, kamar "incorrect" da "invisible". Na ce masa fetur ne a ciki, ko me aka rubuta.

Mai_Tonon_Asali:
Direba, kai ke da gaskiya, kuma ka ja masa kunne da wuri. Su biyun ma'anarsu ɗaya, abu mai saurin kamawa da wuta. "In" ɗin nan ba ta kore ba ce, daga kalmar Latin ta cinna wuta take, ita ce kuma a "inflame". "Inflammable" ce ma tsohuwar. Saboda masu irin fahimtar yaronka ne hukumomin kiyaye haɗari suka koma rubuta "flammable". Wanda ba ya kamawa "non-flammable" ake rubuta masa.

Direban_Tanka:
Madalla. Bari in tura masa wannan, don jiya a bakin tankin na same shi yana neman ashana.